Yadda Ake Auna Ƙwarewar Mai Raunin Laka a Kan Keken Guragu

Ka tambayi mai raunin laka ko yana iya tafiya da kekensa, kusan kullum "eh" zai ce maka, kuma ba ƙarya ya yi ba. A kan daɓen asibiti mai sulɓi kowa gwani ne. Abin da ke tsare mutum a ɗaki bayan an sallame shi shi ne dokin ƙofa mai tudun yatsa guda, da hawan da ke gaban gini, da ƙofar da ke komawa ta rufe kanta, da yashin da ƙananan tayoyin gaba ke nutsewa a ciki. Don haka ba a tsayawa ga tambaya. Gani ya kori ji: ana sa mutum ya yi kowane abu a gabanka, kana riƙe da agogo da tef ɗin awo da takarda.

Gwajin da ya fi yaɗuwa a wannan fanni shi ne Wheelchair Skills Test, wato gwajin ƙwarewa a kan keken guragu, da ake taƙaita sunansa da WST, wanda Dakta Lee Kirby da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax a Kanada. Sun fara aikin tun 1996, suna ta sabunta shi, kuma littafin jagorarsa kyauta ne a intanet. Abubuwa kimanin talatin yake dubawa ga mai keken turawa da hannu, daga tafiya a miƙe har hawa matakala. Akwai wasu gwaje-gwajen, kamar wanda aka tsara a ƙasar Holan mai ayyuka takwas, amma tsarin da ke tafe a nan ya fi jingina da na Kanada, tare da abin da ido ya kamata ya lura da shi wanda takardar maki ba ta ɗauka.

Fara da mutumin, kafin keken

Ka buɗe fayil ka ga inda raunin yake da kuma ko lakar ta yanke aiki gaba ɗaya ko da saura. Likitoci kan rubuta wannan da harafi daga A zuwa E a ma'aunin ASIA, inda A ke nufin babu ji babu motsi a can ƙarshen laka. Matsayin raunin shi ke gaya maka irin hannun da zai tura keken. Da harafi da lamba ake rubuta matsayin: C na wuya ne, T na baya daidai ƙirji, lamba kuma na ƙaruwa yadda aka yi ƙasa. Mai rauni a C5 yana lanƙwasa gwiwar hannu. A C6 ya ƙara da ɗaga wuyan hannu. A C7 tsokar bayan dantse, mai miƙe gwiwar hannu, ta shigo, kuma ita ce ke sauya komai wajen ɗaga jiki. A C8 yatsu sun fara damƙa. Daga T1 zuwa ƙasa hannu lafiya lau yake, saura batun riƙe gangar jiki, wanda ke ƙaruwa gwargwadon yadda raunin ya yi ƙasa, domin tsokokin ciki daga T6 zuwa T12 suke samun umarni.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɗauki dabara a matsayin kuskure. Mai rauni a C6 ba zai damƙi zoben turawa da ke jikin tayar baya ba. Tudun tafin hannunsa zai matsa a jikin zoben ya tura, sau da yawa da safar hannu mai kama roba. Daidai yake yi.

Sai ka tabbatar likitan da ke kula da shi ya yarda. Wanda har yanzu yake sanye da abin tallafar wuya ko na baya, ko aka hana shi lanƙwasawa bayan tiyata, ba a kai shi ga dakali ko ɗage tayoyi ko sauka ƙasa. Wanda ke da buɗaɗɗen gyambo a mazaunai a ɗage masa gwajin har ya warke. Ka tambaye shi ciwon kafaɗa da na wuyan hannu, ka rubuta tun kafin a fara, don ka san wanda ya zo da shi da wanda gwajin ya tayar. Ka tuna kuma ƙasusuwan da ke ƙasa da wurin rauni suna yin laushi da daɗewa. Faɗuwar da wani zai kakkaɓe jiki ya tashi tana iya karya masa cinya, shi kuwa bai ji ba.

A sa ya zubar da fitsari ko a juye jakar fitsarin kafin a fara, sannan a auna jininsa a zaune. Wannan awon na farko ba na cika takarda ba ne. Masu rauni daga T6 zuwa sama suna fuskantar wani irin tashin jini na farat ɗaya, wanda mafi yawan lokuta cikar mafitsara ko lanƙwashewar robar fitsari ke tayar da shi. Da yawansu lambar sama ta jininsu tsakanin 90 da 110 take zama, don haka ƙarin 20 zuwa 40 a kan abin da suka saba ya isa haɗari, ko da lambar ta yi kama da ta mai lafiya. Alamunsa: kai na sarawa, fuska ta yi ja, gumi a saman wurin rauni, hanci ya toshe, wani lokaci bugun zuciya ya ragu. Da ka ga haka, tsayar da komai, a bar shi zaune a miƙe, ƙafafunsa na ƙasa, a sassauta bel da duk abin da ya matse shi, a bi robar fitsari a ga ko ta naɗe, a riƙa auna jini kowane minti biyu zuwa biyar, a kira likita. Akasin wannan shi ne faɗuwar jini: jiri, gani ya dushe, fuska ta koɗe. Shi kuma kwantar da keken baya ake yi a ɗaga ƙafafu. Ka ga matakan biyu kishiyoyin juna ne, kuma wanda ya kwantar da mai tashin jini ya ƙara masa wuta. Duk wanda zai tsaya a wurin gwajin ya san bambancin.

Abu na ƙarshe a nan: da yawa ba sa gumi a ƙasa da wurin rauni, jikinsu ba ya iya sanyaya kansa yadda ya kamata. A yi gwajin inda babu zafi, da ruwan sha a kusa.

Duba keken

A kekensa na kullum za a gwada shi, da kushin ɗinsa, da yadda ya saba zama. Maki na mutum da kekensa ne a haɗe. Mutum guda zai ci abu a wannan keken ya faɗi a wancan.

Danna tayoyin baya da babban yatsa, taya mai ƙarancin iska tana ninka wahalar turawa kuma tana sa birki ya ƙi kamawa. Juya ƙananan tayoyin gaba, gashi da zare kan naɗe a ƙarfensu su riƙe su. Sa birki ka tura keken ka ga ko zai motsa. Duba kushin, domin ana yawan samun an juya gabansa baya ba wanda ya lura. Matakin ƙafa ya tashi daga ƙasa da aƙalla santimita 5. Sannan ka ce ya saki hannunsa ya sauka a gefe: kan yatsansa na tsakiya ya kamata ya kai cibiyar tayar. In ya ɗora hannu a ƙololuwar zoben turawa, gwiwar hannu ta buɗe tsakanin digiri 100 da 120. In aksil ɗin tayar, wato ƙarfen da take juyawa a kai, ya yi baya sosai, keken zai ƙi ɗaguwa, ya yi nauyin juyawa. In ya yi gaba, zai yi sauƙin turawa amma ya yi saurin kifewa ta baya.

Ka buga iska, ka ɗaure abin da ya kwance, amma kada ka sauya saitin keke ranar gwaji. Wanda aka matsar wa aksil da safe bai san kekensa ba da rana. Rubuta abin da ka gani, a gyara daga baya, a sake awo. Haka 'yan tokaren baya masu hana kifewa: in da su yake yawo, a bar su. Za su hana shi hawa dakali mai tsawo, kuma wannan ma sakamako ne da ya kamata ya fito a takarda.

Wurin gwaji da mai tsaron baya

Ba sai da ɗaki na musamman ba. Ana buƙatar fili mai daidai na aƙalla mita 10, da tef mai manne wa ƙasa don yin layuka, da ƙofa mai hinji, da benci ko gado mai tsayi ɗaya da keken, da katifar motsa jiki a matsayin ƙasa mai laushi, da katako mai kaurin santimita 2, da dakali biyu, na santimita 5 da na 15. Hawa kuma iri biyu: na digiri 5 da na digiri 10. Na farkon shi ne kusan abin da ƙa'idar gini ke nufi da tashin 1 a kowane tsawon 12. In katako mai tsawon mita 3 za ka jingina, ɗaga kansa santimita 26 ya ba ka digiri 5, santimita 52 ya ba ka 10. A kafe shi sosai yadda ba zai zame ba.

Mai tsaron baya shi ne ginshiƙin wannan aiki, kuma na fi son ya zama wani daban ba mai rubuta maki ba, domin ido ɗaya ba ya kallon takarda da keke a tare. Ana ɗaura maɗauri mai ƙarfi a ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni, a tsakiya ta baya, ɗaya bakin kuma yana hannun mai tsaro. Yana bin keken dab da dab, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Maɗaurin ya zama da ɗan sako-sako: in ya ɗame, kai kake riƙe keken ba mai shi ba, in ya saki da yawa, sai kan mutum ya kusa ƙasa kafin ya kama. Ɗaya hannun yana kusa da gaban kafaɗar mai keken, ba tare da taɓa shi ba, saboda faɗuwa ta gaba. Mutane sun fi tsoron kifewa ta baya, alhali wanda ba ya riƙe gangar jikinsa, da tayoyin gaba sun ci karo da wani abu, gaba zai zube.

Kafin a fara, a gaya masa za a gwada maɗaurin, a kwantar da keken baya a hankali har ya ji an tare shi. Wanda ya ji wannan sau ɗaya a jikinsa ya fi sakin jiki a sauran gwajin.

Abin da za ka faɗa, da yadda ake ba da maki

Ka gaya masa abin da zai yi, ban da yadda zai yi shi. Misali: "Malam, ka ga layin can? Ka kai kanka wurin, ka tsaya kafin ka haye shi. Yadda ka saba, ba sauri ake nema ba. Duk abin da ka ga hankalinka bai kwanta da shi ba, ka ce a'a, ba laifi." Shi ke nan. Wannan shi ne wurin da masu aikin suka fi zamewa, domin bakin mai koyarwa ba ya son shiru. Kana cewa "sunkuyo gaba" ka riga ka ba shi amsa, abin da ka auna kuma ya zama naka. Koyarwa tana da ranarta. 'Yan uwan da suka rako shi ma a roƙe su su yi kallo kawai, kada hannu ya kai ga keken.

A bugu na baya-bayan nan na WST maki daga 0 zuwa 3 ne. Sifili ga wanda ya kasa, ko ya ƙi gwadawa, ko sai da mai tsaro ya tare shi. Ɗaya ga wanda ya yi wani ɓangare. Biyu ga wanda ya kammala lafiya shi kaɗai, ko da akwai sauran gyara. Uku ga wanda ya yi shi tsaf, babu wahala babu tangarɗa. Abin da keken kansa ba shi da shi, kamar naɗewa ga keken da ba ya naɗuwa, ba a ba shi sifili, cire shi ake yi daga lissafi. Ana tafiya daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma wanda ya kasa dakalin santimita 5 ba a kai shi na 15. In ya faɗi abu don bai fahimci umarni ba, a sake masa bayani ya sake. In don bai iya ba ne, a wuce, kada a yi ta maimaitawa har ya koya a wurin.

Wanda ya dubi matakala ya ce ba zai gwada ba sifili zai samu, amma ka rubuta a gefe cewa ya san iyakarsa. Ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya afka ba tunani aka tare shi a sama.

Tafiya a fili

Ka fara da mita 10 a miƙe. Kunna agogo, ka ƙirga sau nawa hannunsa ya tura. A ce ya yi sakan 12 da turi 10: gudunsa mita 0.83 ke nan a sakan, kowane turi na kai shi mita guda. Ana son mai keke ya iya kai wa kusan mita ɗaya a sakan, domin kimanin abin da tsallaka titi kafin danja ta sauya ke buƙata ke nan.

Lambobin ba su kai kallon hannun muhimmanci ba. Tsaya a gefensa na dama ka ɗauki tayar kamar fuskar agogo: turi mai kyau yana kama zobe a wajen ƙarfe 10 ko 11, ya raka shi har wajen ƙarfe 2, sannan hannu ya saki ya sauko ƙasa da zoben, ya koma baya a sake. Dogon turi, a natse, ba yawa. Abin da ba a so shi ne gajeren turi mai kama da duka, hannu na komawa ta kan zoben da sauri. Jagorar kare hannuwan masu raunin laka da aka fitar a Amurka a 2005 a kan wannan ta tsaya, saboda kafaɗar da ke turi dubbai a yini ita ce kuma ke ɗaga jiki zuwa gado da bayi, kuma in ta lalace komai ya tsaya. Mutum na iya cin maki a mita 10 da turin da zai kashe masa kafaɗa nan da wasu shekaru. Rubuta shi.

Sauran na fili ba sa cin lokaci: komawa da baya, juyawa a wuri ɗaya hagu da dama, shan kwana ana tafe, matsawa gefe rabin mita kamar mai son manne wa gado, ɗauko abu daga ƙasa, miƙa hannu ga abin da ke sama kimanin mita ɗaya da rabi. A wajen ɗauko abu ka dubi ƙananan tayoyin gaba. In ya sunkuya gaba alhali sun juya sun shige ƙarƙashin keken, ko ya ɗora nauyinsa a kan matakin ƙafa, tayoyin baya na iya tashi. Wanda ya ƙware zai tsaya a gefen abin, ya riƙe keken da hannu ɗaya, ya ɗauka da ɗayan.

Sauke nauyi daga mazaunai, da sauya wurin zama

Waɗannan biyun su ne ba na yarda a yi su a gurguje, domin su ke raba mutum da gyambo.

Ka ce ya nuna maka yadda yake hutar da mazaunansa. Da izininsa, sa tafin hannunka tsakanin kushin da ƙashin mazauni, ka ji ko nauyin ya tashi da gaske. Da yawa suna ɗan karkatawa su ɗauka sun yi, alhali ƙashin na nan a danne. Hanyoyi uku ne: sunkuyawa gaba har ƙirji ya kusa cinya, karkata gefe ɗaya sannan ɗayan, ko ɗaga jiki sama da hannuwa. Na ukun ya fi burge mai kallo, amma fatar da aka danne tana buƙatar kusan minti biyu kafin jini ya koma mata sosai, kuma ba kowa ke iya rataye a kan hannuwansa haka ba, ga wahalar da kafaɗa. Sunkuyawa da karkatawa sun fi. Ka duba ko ya sa birki, sannan babbar tambaya: in ya sunkuya, yana iya dawowa da kansa? Mai rauni a wuya da ba shi da tsokar bayan dantse yana iya kifewa a kan cinyarsa ya kasa tashi, sai ya saƙala hannu a mariƙin baya na keken ya jawo kansa. Ka kuma tambaye shi sau nawa yake yi a zaune. Abin da ake koyarwa shi ne kowane minti 15 zuwa 30.

Wajen komawa benci, kallonka ya fara tun kafin ya ɗaga. Ya matso da keken dab da bencin, a ɗan karkace? Ya sa birki biyu? Ya kawar da abin ɗora hannu? Ya sauke ƙafafu ƙasa ya gyara musu zama, ya matso bakin kushin? Sai ɗagawar kanta: kai ya yi ƙasa ya nufi ɓangaren da ya saɓa wa inda mazaunai za su, wannan ne ke sa ƙugu ya tashi ba da ƙarfin tsiya ba. Hannu kada ya yi nisa da jiki, kada kuma ya dogara a kan dunƙulallen hannu. Ka kasa kunne ka ji saukarsa. In ka ji "tim", ko ka ga wando ya goga a kan taya, fatar tana biyan kuɗin wannan sau da yawa a yini. In da allon zamewa yake amfani, wanda ake gittawa tsakanin keke da benci, ka ga ko shi ke sa shi ya cire da kansa. A yi zuwa da dawowa, ta dama da ta hagu, don gado da mota da bayi ba gefe ɗaya suke ba mutum ba.

Ƙofa, hawa, da abubuwan da ke tare hanya

Ƙofa a bi ta ta ɓangaren turawa da na jawowa, a kuma rufe ta a baya. Rufewar ce ke ba da wuya.

A hawa, ka ga ko yana sunkuyowa gaba yana gajarta turi don kada keken ya komo tsakanin turi da turi. Ka ce ya tsaya a tsakiya ya sake tashi. A gangara kuma jiki baya, zobe na zamewa a tafin hannu a hankali, ya iya tsayawa inda aka ce. Mai raunin yatsu a nan ya fi shiga haɗari, mai tsaro ya matso. Sai hanyar da ta karkata gefe, inda keke ke son juyawa ya bi gangara, hannu ɗaya na aiki fiye da ɗaya.

Katifa, dokin ƙofa, rami mai faɗin santimita 15 da ƙaramin dakali duk dabara ɗaya ke ƙarƙashinsu: ɗan ɗage tayoyin gaba na ƙiftawar ido daidai lokacin da ake buƙata. Ka lura da lokacin. In ya ɗage da wuri, tayoyin za su sauko kafin su kai. In ya makara, za su daki katakon jikinsa ya yi gaba. Bayan tayoyin gaba sun hau, sai ya sunkuyo gaba don na baya su biyo. A saukowa daga dakali hanya biyu ce mai lafiya: da baya yana sunkuye gaba sosai, ko ta gaba a kan tayoyin baya kaɗai. In ka ga ya nufi bakin dakalin santimita 15 ta gaba da tayoyi huɗu a ƙasa, dakatar da shi kafin ya kai. Matakin ƙafa zai caki ƙasa ya zubar da shi. Sifili ne, kuma ba sai an bari ya faru ba.

Tsayuwa a kan tayoyin baya

Masu kallo kan ɗauka wasa ne ko nuna bajinta. Ita ce mabuɗin babban dakali da gangara mai tsanani da ƙasa marar kyau, kuma mutane da yawa ana sallamarsu ba a taɓa nuna musu ba.

Abin da ake nema shi ne ya ɗage da kansa, ya tsaya sakan 30 ba tare da yawo ba, ya sauko a hankali. Kalli kashi uku daban-daban. Ɗagewa: yawanci ɗan ja baya, sai turi gaba mai kaifi. Mai tsoro ba ya kai wa inda nauyi ke daidaita, sai tayoyin su yi ta faɗowa. Tsayuwa: hannu a sake a kan zobe, gyara ƙanana. In keken ya so yin baya, ya ja tayoyin baya. In ya so faɗowa gaba, ya tura su gaba. Wanda ya ƙanƙame zobe ya ɗauke numfashi, ko ya cika sakan 30, bai mallake ta ba tukuna, kuma za ka gane haka in ka yi masa magana: gwani zai amsa maka yana kallonka. Saukowa: a hankali, ba a saki tayoyin su buga ƙasa ba. Wanda ya ci wannan sai a gwada shi da juyawa a haka, da tafiya gaba da baya, da sauka gangara.

Ka tambaye shi kuma me zai yi in ya ji ya tafi baya babu mai tare shi. Amsar da ake so: ya sunkuyar da kai haɓa ta nufi ƙirji, kada ya miƙa hannu baya don tare ƙasa.

Tashi daga ƙasa zuwa keke da hawa matakala su ne na ƙarshe. Ba kowa za a kai nan ba, kuma matakala tana son masu tsaro biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ba zai iya da kansa ba, ka gwada ko zai iya gaya wa masu taimako inda za su riƙe da inda ba za su riƙe ba. Wannan ma ƙwarewa ce, ko da ba ta cikin maki.

Juriya

Iya abu sau ɗaya daban, iya shi bayan an gaji daban. Bayan ya huta, ko a wata ranar, a sa alama biyu mita 15 tsakani, ya yi ta zagaya su na minti shida, yana da damar tsayawa ya huta agogo na tafiya. Kowane zagaye mita 30 ne, sai a haɗa. Kada ka dogara da bugun zuciya ga mai rauni a wuya ko saman ƙirji, domin zuciyarsa ba ta hawa yadda ta wasu ke yi ko ya gaji liƙis. Ka ce ya faɗi gajiyarsa daga 0 zuwa 10.

Abin da ya iya da abin da yake yi

Gwajin ya nuna maka abin da ya iya yau, a gabanka, da maɗauri a bayansa. Bai nuna maka abin da yake yi a gida ba. Shi ya sa WST ke da tagwai na tambayoyi, inda a kowane abu ake tambayar mutum: kana iyawa? Hankalinka na kwance in za ka yi? Sau nawa kake yi? Kana son a koya maka? A zauna a yi su a natse. A nan za ka tarar da wanda ya hau dakali tsaf a gabanka amma bai taɓa yi a waje ba tun wata faɗuwa da ya yi, da kuma wanda ya ce yana iya komai alhali ka ga akasin haka. Na farko ƙarfin zuciya yake buƙata da maimaici a wurare na gaske, na biyu kuwa gargaɗi da horo.

Haɗa maki da rubuta rahoto

Tara makin, ka raba da mafi yawan abin da zai yiwu a samu, ka ninka da 100. A ce abubuwa 30 ne, biyu ba su shafi kekensa ba, saura 28. Sau uku, 84. Ya samu 63, wato kashi 75 cikin ɗari.

Kada rahoton ya tsaya a wannan lambar. Mutum biyu za su samu 75, ɗaya matakala da babban dakali kawai suka rage masa, ɗayan kuwa yana tsalle-tsalle a kan tayoyin baya amma yana goga mazaunai a taya duk sauyin wuri. A gaban kowane abin da bai kai 3 ba, rubuta dalili a gajarce: ƙarfi ne babu, dabara ce bai sani ba, tsoro ne, ciwo ne, ko keken ne. Kowanne maganinsa daban, kuma wanda matsalarsa aksil ce ko ya shekara yana atisaye ba zai ɗage tayoyi da sauƙi ba. Sannan ku zaɓi abu biyu ko uku tare da shi, daga cikin waɗanda ya ce yana so, a fara horo da su, ana gabatar da abin da ya shafi fata da faɗuwa.

Gwajin gaba ɗaya kan ɗauki kimanin rabin awa ga wanda ya saba, ya fi haka ga mai rauni a wuya, kuma ba laifi a raba shi kwana biyu in gajiya ta shigo. A sake shi bayan zangon horo, da dab da sallama, da duk lokacin da aka sauya keke ko kushin ko saitin aksil, da kuma in sabon ciwon kafaɗa ya ɓullo ko an samu faɗuwa. A rubuta kwanan wata, da keken da aka yi amfani da shi, da bugun gwajin da aka bi, domin tsarin maki ya sha sauyawa daga bugu zuwa bugu, kuma makin tsohon bugu ba ya kwatantuwa da na sabo kai tsaye. Awo na biyu a yi shi a wuri ɗaya da na farko, da kayan aiki iri ɗaya, in da hali ma a lokaci ɗaya na yini, tunda ƙagewar tsoka da shan magani suna sa jikin safe ya bambanta da na yamma.